Gyaɗar da Na Noma Cikin Kwalba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara mutanen ƙauyenmu a ƙofar gidan maigari ba, ina sanye da farar riga irin ta likitoci, ni da ko allurar kaza ban taɓa yi ba. Na so in manta, abin ya ƙi. To tunda ya ƙi, bari in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa muku da ƙari (ko da yake ban ga inda za a ƙara ba, abin ya riga ya cika).

Ƙauyenmu yana tsakanin Dungas da Mallawa. Babana manomin gyaɗa ne, ubansa ma haka. Ni ne na fara wuce kolej a gidanmu: na yi lise, wato babbar sakandare, a Magarya, na samu bak, takardar shiga jami'a, na tafi Yamai karatun ilimin tsirrai. A shekarar da nake ba ku labari ina aikin mastar, wato digiri na biyu, a wani ɗakin bincike, wanda mu ke kira labo, ƙarƙashin wata malama da kowa ke ce wa Madam. Mace ce marar yawan magana, kuma ba ta maimaita abin da ta faɗa.

Aikin nawa ga shi, a taƙaice. Ana ɗaukar ƙaramin tsiron gyaɗa a ɗan ji masa rauni, a shafa masa wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin ƙasa. Bayan kwanaki sai saiwoyi farare masu gashi su ɓullo daga raunin. Sai a yanke su a sa cikin kwalba mai ruwan sukari da gishirin da tsiro ke buƙata, a toshe bakin, a ɗora bisa wani tebur da ke girgiza dare da rana, cikin duhu. Saiwar za ta yi ta girma ita kaɗai, ba ganye, ba ƙasa, ba rana. In ta cika kwalba sai mu tsorata ta, wato mu zuba mata wani abu da zai sa ta zaci cuta ta kawo mata hari. Don kare kanta sai ta fitar da wasu sinadarai cikin ruwan, har ya koma rawaya. Waɗannan sinadaran mu ke tacewa, ana fatan wata rana su yi amfani wajen haɗa magani ko hana abinci lalacewa. Fata ne kawai tukuna. Abu ɗaya dai tabbas ne: saiwar nan ko shekara ɗari ta yi cikin kwalba ba za ta yi ɗan gyaɗa ko guda ba.

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ban faɗa wa Baba ba.

Idanun Baba sun daɗe da mutuwa. Yanar ido ce ta rufe su a hankali, har ya zama sai dai ya bambance rana da inuwa. Ƙanwarsa, Gwaggo Hajo, mai matsar mai da yin ƙuliƙuli, ita ke riƙe masa waya in na kira. Wata rana ya ce, "Kai, wai me ka ke yi ne a can? Mutane na tambayata, na rasa abin faɗi."

Na duba yadda zan ce wa tsohon da ya tura ni karatu da guminsa cewa saiwa na ke kiwo. Bakina ya ƙi ɗauka. Sai na ce, "Baba, gyaɗa na ke nomawa cikin kwalba. Ba ƙasa, ba ruwan sama."

Ya ce, "Ba ruwan sama?"

Na ce, "Ko ɗigo."

(A lokacin na lallashi kaina cewa ban yi ƙarya ba. Saiwar gyaɗa ai gyaɗa ce. Mai karatu ya fi kowa iya yi wa kansa fatawa.)

Da shekarar ta yi kyau, da maganar ta wuce kamar kowace fariya. Amma damina ta yaudari mutane. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, sai ya ɗauke daidai lokacin da gyaɗa ke cusa 'ya'ya a ƙasa. Da aka zo cira, sai ɓawo ba ƙwaya. Hatsin ma bai taka kara ya karya ba. A cikin wannan halin maganar Baba ta fita daga zaurenmu, ta je masallaci, ta je bakin rijiya, ta hau amalanke ta tafi kasuwa. Gwaggo ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, garin nan ba a zancen kowa sai naka. Yaya ya ce ka zo da ita a gani."

Nan ne ya kamata in ce, Gwaggo, ba haka abin ya ke ba. Kalmomi kaɗan. Amma ta ƙara da cewa maigari da kansa ya zo zaure ya gaishe da Baba, abin da bai yi ba tun da idanun suka rufe. Sai na ji kaina na cewa, "Ina nan tafe."

Madam tana da doka guda da ta rubuta ta manna a ƙofa: ba abin da ke fita daga labo. Ina da kwalabe da dama, amma ɗaya ce ta fi, wadda saiwarta ta fi saurin girma, ruwanta ya fi yin rawaya. A kanta duk aikina ya dogara, kuma a satin ya kamata in rarraba ta cikin sabbin kwalabe don kada a rasa irin. Ban rarraba ba. Na ce in na yanke ta za ta yi ƙaranci a ido, ni kuwa cikakkiya na ke so a gani. Na naɗe ta da takardar alminiyam, na sa a jaka, na ce wa Madam tsohona ba shi da lafiya. Na haɗa da farar rigar aiki, wadda ita ma ba ta da dalilin tafiya.

Na rungume jakar nan a cikin kar, babbar motar fasinja, tun daga Yamai har Damagaram, daga nan ƙaramar mota zuwa Dungas, sannan kabu-kabu, wato moton haya mai ƙafa biyu, cikin rairayi har gida. Mai moton ya tambaye ni ko ƙwai na ɗauko. Na ce masa abin ya fi ƙwai. Da na isa na kwance takardar, saiwar na nan lafiya, fara sol, ta cika kwalba kamar sabuwar auduga. Gwaggo ta riƙe haɓa tana kallo.

Baba ya ce, "Ni fa ba na gani. Ba ni in taɓa."

Duk wanda ya yi sati ɗaya a labo ya san ba a buɗe kwalbar nan sai gaban wuta, cikin akwatin da iska mai tsabta ke busawa, da hannun da aka wanke da alkol mai kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan sukari ne, duk ƙwayar da ta faɗa ciki ta samu gidan biki. Na san wannan kamar sunana. Amma ya riga ya miƙo hannu. Na cire murfin a tsakar gida, kaji na yawo, na zaro tsinke daga tsintsiyar Gwaggo na janyo saiwar zuwa bakin kwalba. Ya murza ta tsakanin yatsunsa a hankali.

Ya ce, "Laushi kamar gemun masara. Wace kala ce?"

Na ce, "Fara fat, Baba, kamar auduga."

Ya ci gaba da lalube, ya ce, "To ina 'ya'yan?"

Na ce, "Ba su kai ba tukuna."

Wannan kam ba fatawar da za ta wanke ta. Na tura saiwar ciki, na toshe, na mayar da takarda, na naɗe da zane, na ajiye gindin randa inda ke da sanyi.

Maigari ya sa taron sai washegarin kasuwar Dungas, don labari ya kai ƙauyukan kewaye. Kwana huɗu ke nan. A cikin kwanakin nan ban leƙa kwalbar ba ko sau ɗaya. Na gaya wa Gwaggo cewa saiwa ba ta son haske, wanda gaskiya ne. Amma ainihin dalilin shi ne ba na son in ga abin da zuciyata ke raya mini. Maimakon haka sai na ari dutsen guga na gawayi na goge farar riga har sau biyu, na cika kaye, wato littafin rubutu, da jawabi, na yi ta zagaya gari ana nuna ni. Wata tsohuwa ta tare ni da ciwon gwiwa, na ba ta shawara (Allah ya yafe mini, na ce ta rage gishiri).

Ranar taro, bayan la'asar, na ja Baba da sandarsa muka fito. Tun daga nesa na ga abin ya wuce yadda na zata. Maza sun cika tabarmi har sun zube a ƙasa. Akwai amalanke uku na baƙi. Mata suna gefe guda ƙarƙashin bishiyar bedi, kuma kowace da kwalabe a gabanta, na mai, na lemo, na magani, an wanke su tas suna ƙyalli. Ashe Gwaggo ce ta ce kowa ta zo da tata, don in an koya musu su fara a ranar.

Kusa da maigari wani dattijo na zaune da ƙaramin buhu a kan cinyarsa. Aka ce mini Malam Ilu ne, daga can bayan Mallawa, abokin Baba tun suna samari. Da na durƙusa gaishe shi ya dafa buhun ya ce, "Irin da ya rage mini ke nan, ɗana. Ban sayar ba, ban bari an ci ba. Na ce a kawo maka ka sa a kwalba."

Na ce, "To, Baba Ilu." Abin da na ce ke nan.

Na tashi na fara jawabi. Na yi minti kusan ashirin ina zuba Faransanci cikin Hausa, ina faɗin kalmomin da na san ba mai ganewa, don in dai ba a gane ba, ba za a yi tambaya ba. Zufa ta jiƙa farar rigar ta manne mini a baya. Ba wanda ya katse ni. Ba jawabi suka zo ji ba, idanunsu na kan ƙullin zanen da ke hannuna. Niyyata in kwance shi ina juya wa mutane baya, in fara gani, in ya so in san dabarar yi.

Sai Baba ya ce, "Ba ni nan. Ni zan buɗe."

Na ce, "Baba, bari in…"

Ya ce, "Ni na faɗa musu, ni zan nuna musu."

Maigari ya ce a ba shi. Aka tashe shi tsaye. Ya warware zanen, ya ɓare takardar a hankali kamar mai ɓare dafaffen ƙwai, ya kawo kwalbar kusa da fuskarsa na ɗan lokaci, sannan ya ɗaga ta sama da hannu biyu.

Ruwan ya yi kauri kamar tsarin shinkafar da ya kwana. Saiwar ta koma baƙi-baƙi, ta narke ta kwanta a gindi. A samanta funfuna ta yi tuli, kore da toka, har ta hau jikin gilashin. Duk wanda ya taɓa mance tuwo cikin kwano kwana huɗu ya san abin da na ke nufi.

Baba ya ce da ƙarfi, yana juyawa dama da hagu don kowa ya gani, "Ga ta nan. Ku duba da kyau. Fara fat kamar auduga. Ba ƙasa, ba ruwan sama. Ɗana ne ya yi."

Da an yi dariya da na ji sauƙi. Ba wanda ya yi. Mutum sama da ɗari, kowa ya ga abin da ke cikin kwalbar, kowa ya ga makahon dattijon da ke riƙe da ita, kuma ba wanda ya yarda ya zama na farkon faɗa masa. Maigari ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe baki. Baba na tsaye, yana jiran kabbarar da ba ta zo ba.

Na karɓi kwalbar daga hannunsa. Ban san daga ina muryar ta fito ba, ƙarama ce dai, ba irin ta jawabin ɗazu ba. Na ce, "Jama'a, ta lalace. Ni na buɗe ta inda bai kamata ba, ta ruɓe."

Malam Ilu ya ce, "Ba komai, ɗana, shuka ma na mutuwa. Ga iri nan, sai a sake."

Ya ba ni hanyar tsira da hannunsa, in ce to, a ba ni wata shida. Na dubi buhun, na dubi kwalaben matan nan. Na ce, "Baba Ilu, ko ba ta ruɓe ba, ba ta 'ya'ya. Saiwa ce kawai. Wani ruwa mu ke tatsa daga jikinta, ana binciken ko zai yi magani. Ba za ta taɓa ba da gyaɗar ci ba, ba kuma za a iya yinta a gida ba."

Ya ce, "Ko nan gaba?"

Na ce, "Ko nan gaba."

Ya daɗe yana kallona. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne. Ya ce, "'Ya'yana biyu sun shirya tafiya cin rani tun watan jiya. Na ce su dakata, aiki na zuwa har gida. Abokan tafiyarsu sun wuce." Ya ɗaure bakin buhunsa, ya ce wa maigari, "Allah ya ba mu alheri," ya nufi amalankensa.

Haka taron ya watse, ba addu'ar rufewa. Abin da na fi ji shi ne ƙarar kwalabe, mata na mayar da su cikin kwanduna ɗaya bayan ɗaya. Wata ta wuce ta gabana ta ce wa 'yar'uwarta, ba da niyyar in ji ba, "Sabuluna kawai na ke jin haushi."

Na kama kan sandar Baba muka nufi gida. Tsakanin ƙofar maigari da zaurenmu ba nisa, amma ranar na ji kamar Magarya za mu a ƙafa. Sai da muka wuce masallaci na ce, "Baba, ka yafe mini. Na sa ka yabi ruɓaɓɓen abu gaban mutane, ba ka sani ba."

Ya ce, "Wa ya ce ban sani ba? Ido na rasa, ba hanci ba. Ina ɓare takardar na ji."

Na tsaya. Na ce, "To me ya sa ka ɗaga ta?"

Ya ce, "Me zan yi, in mayar maka in zauna? Ka riga ka tara mutane. Na ce in kunya za a sha, kada ka sha kai kaɗai." Ya ɗan tura sandar alamar mu ci gaba. Can ya ce, "Ruɓewar ba ta dame ni ba. Na shekara hamsin ina ganin gyaɗa na ruɓewa. Ranar da na taɓa ta na tambaye ka ina 'ya'yan, mu uku ne kawai a tsakar gida. Da can ka faɗa."

Bai sake tada maganar ba, har na tafi. Amma Gwaggo ta gaya mini daga baya cewa ya daina zama a zaure da hantsi, inda mutane ke biyowa gaisuwa. Ya koma zama cikin gida.

A Yamai na samu Madam na faɗa mata komai, don na gaji da ƙirƙira. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ka rarraba ta kafin ka ɗauka?" Na ce a'a. Ta ce, "To ka san inda irin gyaɗa ya ke. Ka fara daga farko." Ba ta kore ni ba, ba ta kuma sake ba ni makullin labo ba. Sauran kwalabena ba su da ƙarfin da za a gina aiki a kansu. Abokan karatuna suka gama suka tafi, ni na ƙara shekara guda ina ji wa tsirrai rauni ina jiran saiwa.

Baba ya rasu a farkon daminar da ta biyo, wata biyar kafin in kare aikina gaban malamai. Malam Ilu ya zo gaisuwa, ya zauna kwana uku. Da zai tafi na raka shi bakin hanya ina neman yadda zan buɗe baki. Ya riga ni, ya ce irin nan ya shuka shi a ƙasa, yadda aka saba, kuma ya fito. Game da 'ya'yansa bai ce komai ba, ni ma ban iya tambaya ba.

Har yanzu aikin saiwa na ke yi, kuma ina ganin yana da amfani, ko da amfanin sai bayan ba mu. Sai dai yanzu in aka tambaye ni sana'ata a wurin biki ko cikin mota, nakan faɗe ta tsirara: saiwa na ke kiwo, ba a cinta, ba ta 'ya'ya, kuma ban san ranar da za ta warkar da kowa ba. Yawanci mai tambayar yakan ce "Allah sarki," ya juya ya kama hira da na kusa da shi. Na lura gaskiya ba ta tara jama'a ko kaɗan. Amma tun da na kama ta, ba wanda ya sake wanke kwalba saboda ni.